FILIN SANA'AR HANNU: Fesa Fenti Da Saka Inuwa A Jikin Ƙaramin Jirgin Sama

 In ba ku manta ba, a fitowar watan jiya mun tsaya ne a inda aka gama haɗa sassan jirgi da gam, aka cike tsagar da ta rage, aka bi da sanfefa har jiki ya yi sumul. To, yau za mu shiga fenti, watau wurin da aikin mako uku yake iya lalacewa cikin minti uku.

Abin da ya sa na gaggauto da wannan magana shi ne wata wasiƙa da na samu daga wani ɗan'uwa a Tamale. Ya ce ya haɗa jirage har biyu, ya bi takardar kamfani sau da ƙafa, ya sayi launin da aka ce ya saya, amma da ya gama sai ya ga abin ya fito kamar jirgin wasan yara da ake kasawa a bakin kasuwa. Yana tambaya ko hannunsa ne bai iya ba. Ɗan'uwa, hannunka lafiya lau yake. Abin da ya faru shi ne ka shafa launi, amma ba ka saka haske da inuwa ba. Jirgin gaskiya ƙato ne, rana tana faɗa wa bayansa ta bar cikinsa a duhu, tana ƙoɗar da fentin sama, ƙura da mai suna taruwa a mahaɗar faranti. Ƙaramin jirgin da ke tafin hannunka kuwa ba shi da girman da zai yi wa kansa wannan inuwa, saboda haka mai fenti ne zai saka masa ita.

Ni ma ina cikin irin wannan hali a makaranta. Ni da yaran ƙungiyarmu ta sana'ar hannu muna shirya jirgi ɗaya tak domin baje kolin ƙarshen zango, kuma kwali ɗaya ne gare mu, wanda wani tsohon ɗalibina ya aiko mana daga Ingila. In ya lalace babu na biyu. Jirgin kuwa Hawker Hurricane ne, na kamfanin Airfix, a ma'aunin kashi 1 cikin 48. Faɗin fukafukan na gaskiya ƙafa 40 ne, watau mita 12 da 'yan kai, don haka namu ya kama santimita 25. Wanda ya sami na kashi 1 cikin 72 nasa zai kama santimita 17.

Ba haka kawai muka zaɓi wannan jirgi ba. A 1940, bayan Faransa ta faɗi kuma Italiya ta shiga yaƙi, sai Bahar Rum ta zama hanya mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi, a haɗa su a nan, sa'an nan su tashi su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, El Geneina, El Fasher, Khartoum, har Masar, tafiyar fiye da mil 3,500. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, Hurricane shida da Blenheim ɗaya yana yi musu jagora, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Da na karanta wa yara sunayen garuruwan, sai wani ya ce, "Malam, ai wannan hanyar alhazan ƙasa ce." Ya kusa gaskiya, domin ta Chadi da Sudan kakanninmu suka riƙa bi zuwa Makka. Tun daga ranar suka daina ganin jirgin a matsayin kayan Turawa kurum.

Alƙalamin feshi

Kayan aikin da muke magana a kansa ƙanen bindigar da masu fentin mota suke amfani da ita ne a Suame Magazine, sai dai shi girmansa bai wuce na alƙalami ba, shi ya sa nake kiransa alƙalamin feshi. Masu aski da masu ado a kan kek ma suna amfani da shi yanzu, saboda haka samunsa bai yi wuyar da ba. Yadda yake aiki kuwa, iska ce take fitowa da ƙarfi ta wuce ta bakin wani siririn hanci, ta jawo fenti, ta farfasa shi ya zama kamar hazo. A cikin hancin akwai allura wadda take toshe shi. In allurar ta ja baya, fenti ya sami hanya.

Iri biyu ne. Akwai mai aiki ɗaya, wanda in ka danna kunama iska da fenti suke fitowa tare. Akwai kuma mai aiki biyu, wanda danna kunama ƙasa yake sakin iska, jan ta baya kuma yake sakin fenti, gwargwadon ja gwargwadon fenti. Na biyun nan shi ne na saka inuwa. A nemi mai ɗan kofi a sama, mai allura milimita 0.3, domin tana yin siririn layi kuma tana rufe fiffike. Mai 0.2 tana yawan toshewa a hannun ɗan koyo, mai 0.5 kuwa ta manyan wurare ce. Iwata na Japan da Badger da Paasche na Amurka sunaye ne da aka sani, amma mai araha ma yana koyar da hannu in ana wanke shi.

Iska kuwa daga ƙaramin kwamfuresa take zuwa. A tabbata yana da agogon daidaita ƙarfi da kuma 'yar kwalbar nan mai tare ruwa. Mutanen da can sukan hura tayar mota su jona mata tiyo. Dabarar tana aiki, illa iyaka ƙarfin iskar yana raguwa kana cikin aiki. Domin rufe jiki, a sa agogo tsakanin 15 da 20 a ma'aunin PSI. Domin siririn layi da inuwa, a sauko zuwa 10 ko 12, a matso kusa.

Tsinka fenti

A nan ne mafi yawan masu koyo suke faɗuwa. Fentin da ya fito daga kwalba ya yi kauri ga allura, dole a tsinka shi har ya zama kamar madarar shanu sabuwar tatsa. Gwajin da nake koya wa yara shi ne su ɗiga shi a jikin kofi daga ciki: in ya gangara ya bar ɗan launi a bayansa, ya yi, in ya tsaya cak, ya yi kauri, in ya zube bai bar kome ba, ya yi ruwa. Ga fentin Tamiya, kashi ɗaya na fenti da kashi ɗaya na ruwan tsinkawarsa mai lamba X-20A mafari ne mai kyau. Kowane fenti da abin tsinka shi. Fentin ruwa irin Vallejo daban, fentin mai irin Humbrol daban, kada a gauraya su a kofi ɗaya, sai su dunƙule kamar kindirmo. Tinar masu fentin mota tana wanke ƙarfen alƙalami tas, amma tana da zafi, in ta kwanta a jikin jirgi tana cin roba.

Kafin ka taɓa jirgi, sai ka sami tsohuwar jarida da cokulan roba. Ƙa'idar hannu ɗaya ce: iska ce farkon fitowa, ita ce ƙarshen tsayawa. Danna, ja baya a hankali, tafi da hannu, mai da kunama gaba, sa'an nan ka saki. Wanda ya saki iska kafin ya rufe fenti, ɗigo zai taru a bakin allura ya tofa masa a bugu na gaba. A fara feshi a wajen jirgi, a ƙare a wajensa, nisa kamar santimita 8 zuwa 10. In ka ga fenti ya bazu kamar ƙafafun gizo-gizo, ka matso da yawa ko fenti ya yi ruwa. In ka shafa ka ji garas-garas kamar yashi, ka yi nisa, fenti ya bushe a iska kafin ya sauka. Yarana sun yi mako biyu suna rubuta sunayensu a jarida da alƙalamin nan kafin na bar su su matsa kusa da Hurricane, suna ta gunaguni, ni kuwa na ce musu sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba sa faɗa mana, watau yanayinmu. Da damina iska cike take da laima, kwamfuresa yana matse ta ya zama ruwa a cikin tiyo, kana tsakiyar fiffike sai ya tofo maka. A riƙa zubar da ruwan kwalbar nan kafin a fara da kuma tsakiyar aiki. Da hunturu kuwa iska ta bushe, fenti yana daskarewa a bakin allura, ga ƙura. Maganinsa a ƙara tsinkawa kaɗan, a ajiye tsinken goge kunne jiƙe da ruwan tsinkawa ana share bakin allura, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, in an gama kuma a kife wa jirgi roba mai murfi.

Shimfiɗa da inuwar ƙasa

A wanke jirgi da ruwa da ɗan sabulu domin cire maiƙon hannu, a bar shi ya bushe. A rufe gilashin ɗakin matuƙi da salatif na takarda, a cusa soso a ramin ƙafafu. Sa'an nan a fesa fentin shimfiɗa, ruwan toka mai haske. Amfaninsa biyu ne: yana ba launi abin kamawa, yana kuma tona asirin duk tsagar da ta tsere wa sanfefa. In ka ga aibi, yanzu ne lokacin gyara.

Dabarar inuwa ta farko ita ce wadda ake sakawa a ƙarƙashin launi. A tsinka baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, a rage iska, a bi layukan mahaɗar faranti da siririn feshi, da gindin fiffike, da kewayen murfin inji. Ba dole layin ya miƙe sak ba, ɗan karkacewa ma yana taimakawa. In ya bushe sai a kawo launin jirgi a tsinke, a fara cika tsakiyar kowane faranti, sa'an nan a bi da mayafi siriri a kan duka, sau biyu ko uku, ana tsayawa ana dubawa. Ana son inuwar ta rage kamar abin da ido yake zato, wanda sai an ƙura ake tabbatarwa. Mayafi ɗaya na ƙari yana iya binne ta gaba ɗaya, don haka a tsaya tun ana ganin kamar da saura, domin matakan da ke gaba za su ƙara dusashe ta.

A nan ina da ja da wasu 'yan'uwa masu wannan sana'a. Sukan bi kowane layi da baƙi ƙirin daidai wa daida, har jirgi ya fito kamar bargo mai gida-gida. Ku nemi hotunan Hurricane na lokacin yaƙi ku duba, ba za ku ga haka ba. Datti yana taruwa inda akwai mai da zafi da hannun makanikai, watau gaba wajen inji da ƙofofin bindigogi a kan fiffike. Bayan jirgin kuwa, daga ɗakin matuƙi zuwa wutsiya, ƙyalle ne aka ja a kan ƙashin katako da ƙarfe, babu faranti a wurin balle mahaɗa. Abin da ake gani can shi ne ɗan tudu da kwari na haƙarƙarin da ke ƙarƙashin ƙyallen, kuma inuwa mai laushi ƙwarai ta ishe shi.

Launin hamada

Jiragen da suka yi yaƙi a hamadar Masar da Libiya sun ɗauki launi uku: shuɗi mai haske a ciki, ruwan rairayi da ruwan ƙasa mai duhu a baya. A fentin Humbrol lambobinsu 157, 225 da 29. A fara da mai haske a ƙare da mai duhu, domin duhu yana rufe haske cikin sauƙi, haske kuwa sai an yi ta maimaitawa. Watau ciki tukuna, a bar shi kwana ɗaya, a rufe shi, a fesa ruwan rairayi a dukan baya, a sake barinsa kwana ɗaya, sa'an nan ruwan ƙasa. Wasu masu sana'ar sukan ƙara ɗigon fari kamar ɗaya cikin goma a kowane launi, saboda abu in ka hango shi daga nesa launinsa yana yin fari-fari, kuma kallon ƙaramin jirgi a kan tebur tamkar hango babba ne daga nesa.

Domin iyakar launuka biyu na baya, a murza Blu-Tack ya zama kamar taliya, a shimfiɗa shi bisa zanen da ke takardar kamfani, a rufe wurin da ba a son fenti da takarda. In aka fesa daga sama tsaye, gefen zai fito da ɗan laushi kaɗan kamar na gaskiya. In aka karkata hannu aka fesa ƙarƙashin taliyar, gefe ɗaya zai yi kaifi ɗaya ya yi hazo.

Za ku lura cewa inuwar ƙasa takan ɓace a inda launi biyu suka hau juna. Wannan ne ya kawo dabara ta biyu, inuwar sama. A ɗauki launin da aka riga aka fesa, a ƙara masa fari ko ruwan rairayi kaɗan, a tsinka shi ƙwarai, kashi ɗaya na fenti da tara na ruwan tsinkawa, a ɗan yi gajimare a tsakiyar faranti da saman fiffike da ƙashin baya, wuraren da rana take duka. Ga jirgin hamada wannan ya fi inuwar ƙasa muhimmanci, domin duk wanda ya ga yadda rana take cin fentin motar haya a arewa ya san abin da take yi. Sa'an nan a haɗa baƙi da ja-ja mai duhu, shi ma a tsinke haka, a bi wasu layuka kaɗan wajen inji. In bugu ɗaya ya nuna, fentin ya yi kauri. Ana son sai an bi sau huɗu ko biyar kafin a fara gani.

Ƙyalli, tambura da wankin layi

Bayan nan a fesa ruwan ƙyalli marar launi a dukan jiki, irin Tamiya X-22. Tamburan jirgi suna son wuri mai santsi. In aka manna su a kan fenti marar ƙyalli, iska takan maƙale a ƙarƙashinsu su yi fari-fari kamar azurfa. In sun bushe a sake rufe su da ƙyalli.

Sai wankin layi. Ana tsinka fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, da wayit sifirit har ya zama kamar shayi, a taɓa bakin siririn buroshi a layi, shi da kansa zai gudu cikin kwarin. Bayan kamar minti 20 a share abin da ya fita waje da ƙyalle, ana ja daga gaba zuwa baya, yadda iska take bi. A nan ne na taɓa yin asarar da ba na mantawa. Shekarun baya na yi wannan wanki kai tsaye a kan fentin mai ba tare da ruwan ƙyalli a tsakani ba, ina sharewa sai ga launin fiffike ya biyo ƙyalle har roba ta bayyana. Abin da ya tsinka wankin shi ne ya narkar da fentin. Ƙa'idar ita ce wanki da abin da ke ƙarƙashinsa kada su zama dangi ɗaya.

Saura hayaƙin salansa. Injin Merlin na Rolls-Royce yana fitar da hayaƙi ta gefe biyu na hanci, tabon kuma yana bin iska, ya ɗan lanƙwasa ya wuce ƙarƙashin ɗakin matuƙi. A fara da ruwan ƙasa mai duhu a tsinke, a ƙara baƙi kusa da bututun, a sa ɗan ruwan toka a tsakiya. Ƙujewar fenti kuwa a yi ta da fensir mai launin azurfa, a gindin fiffiken hagu inda matuƙi yake takawa ya hau, da kewayen maɓallan murfin inji. Kada a sa azurfa a inda ƙyalle yake. A ƙarshe a fesa ruwan kashe ƙyalli, a cire salatif na gilashi, aiki ya kammala.

Ba zan rufe ba sai na ja kunnen iyaye da malamai. Hazon fenti yana shiga huhu, har na fentin ruwa. A yi feshi kusa da taga a buɗe, a sa takunkumi mai tace tururi, a nisanci murhu da fitila mai wuta, kada kuma a bar yaro shi kaɗai da tina. Da an gama a wanke alƙalami nan take, a zaro allura a hankali a goge, domin in bakinta ya lanƙwashe feshi ya karkace ke nan.

Namu jirgin yanzu yana matakin ruwan rairayi, yana kife a ƙarƙashin roba a kan kabad ɗin ofis, kuma yaron da ya fi kowa gunaguni a kan jarida shi muka zaɓa ya fesa ruwan ƙasa, don hannunsa ya fi nawa tsayawa. Ɗan'uwanmu na Tamale, ka ɗauko ɗaya daga cikin jiragenka biyu ka gwada inuwar sama da wankin layi a kansa, ka rubuto mana abin da ka gani. A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake yin ɗan filin saukar jirgi na hamada da katako da yashi da gam, mu kuma ba ku labarin yadda baje kolin ya kasance. Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa yaranmu albarka.